Na'urar suya da iska mai zafi: gidan da za ta amfana da gidan da za ta zame wa ado

Na'urar da ƴan kasuwa ke kira air fryer, wadda a kan wasu kwalaye ake rubuta mata friteuse sans huile, ta fara bayyana a kantunan kayan lantarki na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ana kuma ganin hotonta a tallar da mata ke yi ta WhatsApp. Wasu iyaye har sun soma sa ta cikin kayan ɗakin amarya. Abin da ake tallata ta da shi ɗaya ne: suya ba mai. Gaskiyar lamari ita ce na'urar ba ta suya ko kaɗan. Ƙaramin fur ne na lantarki mai fanka a ciki, wato gashi take yi. Wanda ya gane wannan tun farko zai san abin da zai samu daga gare ta da abin da ba zai samu ba.

Asalinta da yadda take aiki

Kamfanin SEB na Faransa ya fitar da Tefal ActiFry a 2006, mai cokalin da ke juya dankali da kansa. Samfurin da ya fi yaɗuwa yanzu, mai kwando da ake jawowa kamar aljihun tebur, kamfanin Philips ne ya gabatar da shi a baje kolin kayan lantarki na birnin Berlin a 2010, bisa ƙirar wani ɗan ƙasar Holan, Fred van der Weij. An yi ta ne domin gidajen Turai masu mutum biyu zuwa huɗu, inda wuta ba ta ɗaukewa, inda kuma ake sayen firit da guntayen kaza a daskare cikin leda. Ya kamata a riƙe wannan a zuciya, domin kusan duk wata matsalar da na'urar ke da ita a wajenmu daga nan ta taso.

A samanta akwai ƙarfe naɗaɗɗe da ke yin ja idan wuta ta shige shi, a bayan ƙarfen kuma akwai fanka mai ƙarfi. Fankar na tura iskar da ta yi zafi, yawanci tsakanin digiri 80 zuwa 200, ta bi ta ramukan kwandon ta zagaye abinci. Iskar na busar da bayan abincin da sauri, sai ya yi ja ya yi ƙayau. Jan da nama ko dankali ke yi, tare da ƙamshinsa, haɗuwa ce tsakanin sukari da sinadaran furotin da ke cikin abincin, wadda wani likita Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Ita ce dai ke faruwa a kasko da kan gawayin mai tsire. Sai dai mai ya fi iska saurin kai zafi cikin abinci, shi ya sa abin da kasko ke gamawa cikin minti bakwai na'urar kan kai minti ashirin a kansa.

Ba kuma gaskiya ba ne cewa ba a sa mai sam. Kaza mai fata da nama mai kitse suna fitar da nasu. Dankali, doya da awara kuwa sai an shafa musu cokali ɗaya ko biyu, in ba haka ba su fito a bushe kamar itace.

Abincinmu a cikin kwando

Abin da take yi da kyau sananne ne: cinyar kaza, zabo, kifi karfasa, tsiren gida, dankalin turawa da na Hausa, awara, samosa, gasa gyaɗa, da ƙaramin kek idan an samu gwangwanin da zai shiga. Ta fi kowane abu iya ɗumama soyayyen abu na jiya, ya dawo da ƙarfinsa ba tare da ya sake shan mai ba. Kazar Hausa da zabo suna da tauri, sai an tafasa su da kayan ƙamshi kafin a sa, in ba haka ba bayansu ya ƙone ciki bai nuna ba.

To amma a duba abin da gida ke ci daga Asabar zuwa Jumma'a: tuwo da miya, shinkafa da wake, dafa-duka, dambu da kopto, taliya, kunu, fura. Babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi wannan na'ura. Ko a cikin soye-soyen ma, waɗanda muka fi yi kullum su ne ba ta iyawa. Ƙullin ƙosai ruwa-ruwa ne, mai mai zafi ne ke kama shi nan take ya kumbura. A kwando zubewa zai yi ta ramuka, idan kuma an zuba shi a gwangwani abin da zai fito ya fi kusa da alala busasshiya. Haka fanke. Masa kuwa tanda take so. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne ga gidan da ke shirin sayenta domin watan azumi, tunda ƙosai ne sarkin buɗa-baki.

Naman layya ma ba aikinta ba ne. Rago guda ko biyu da aka gasa ranar Salla, aka yanyanka washegari aka soye cikin kitse domin ya daɗe, aiki ne na babban kasko da itace ko gaz. Suyar cikin kitse ce ke tsare naman, iska mai zafi ba ta yin wannan.

Sai batun yawa, wanda a ganina shi ne ke yanke hukunci a mafi yawan gidaje. Litar da aka rubuta a kwali faɗin aljihun ne, ba yawan abincin da za a iya sawa ba. Dole a bar wa iska hanya, idan aka cika kwando na sama ya ƙone na ƙasa ya yi laushi kamar an turara. Na'ura mai lita 4 tana ɗaukar kusan rabin kilo na dankali ko yankan kaza huɗu zuwa biyar a zubi ɗaya, kowane zubi kuma minti 20 zuwa 25. Ga miji da mata da yara biyu ya isa. Ga gidan mutum goma, da baƙon da ba ya sanarwa, zubi uku ne ko huɗu, wato fiye da awa guda, kafin na ƙarshe ya fito na farko ya huce.

Wuta

Yawancin waɗannan na'urori suna jan wat 1.200 zuwa 2.000. Mai wat 1.500 da ta yi aiki rabin awa ba za ta wuce kilowat 0,75 ba, sau da yawa ma ƙasa da haka, domin ƙarfen yana ɗaukewa idan zafi ya kai inda aka saita. Wannan ba shi da yawa ga zubi ɗaya. Idan zubi huɗu ne kullum lissafin ya canza, musamman da yake kuɗin wutar NIGELEC hawa-hawa ne: gwargwadon yawan abin da gida ya sha a wata, gwargwadon tsadar kilowat ɗin da ke sama. Gidan da ke da firigo da kilim ya riga ya hau, duk abin da na'urar ta ƙara a farashi mai tsada zai faɗo.

Akwai kuma ƙarfin kontar. Gidan da ke da kontar mai kilowat 3, na'ura mai wat 1.500 ta cinye rabinsa ita kaɗai. A kunna dutsen guga ko hita a lokaci guda, wutar gidan ta yanke. A gidan haya da ɗakuna da yawa ke kan kontar ɗaya ana raba faktir, wannan kan iya zama rigima tsakanin maƙwabta, gara a yi magana kafin a saya. Na'urar na jan kusan ampiya 7, saboda haka a bango ake cusa ta kai tsaye, a piriz mai kyau. Ƴar ralonj ta kasuwa mai siririyar waya tana yin zafi har ta narke, gobara kuwa daga nan take farawa.

Ɗaukewar wuta ita ce babbar damuwa. Kasar nan ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya, Yamai ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina da Gazawa, kowa kuma ya ga halin da aka shiga lokacin da aka katse layukan a watan Agustan 2023. An ƙara tashoshi a cikin gida, ciki har da na hasken rana a Malbaza da Goru Banda, amma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da kowa ke kunna fanka da kilim, yankewar ba ta rasawa. Abin haushin shi ne a wannan lokacin ne na'urar ta fi daɗin amfani, domin ba ta cika madafa da zafi da hayaƙi kamar kasko. Idan wuta ta tafi kaza na tsakiyar gashi, sai an koma kan gaz, ba kuma a barin ɗanyen nama cikin ɗumi ana jiran NIGELEC.

Masu sola su yi hattara. Batir mai bolt 12 da ampiya 200 yana riƙe kilowat 2,4 a rubuce, idan irin na dalma ne kusan rabi kawai ake iya sha ba tare da an kashe shi ba. Zubi biyu na kaza sun isa su cinye wutar fitilu da fankar dare. Ƙaramin gurup mai ƙasa da wat 2.000 shi ma wahala zai sha.

Shin tana mayar da kuɗinta?

Kowane gida zai iya yin lissafinsa, ga misali kawai. A ce an saye ta jika 45, a ce gidan yana kashe lita biyu na mai a wata wajen soya kaza, kifi da dankali, lita kuma jika ɗaya da rabi. Wato jika uku ke nan a wata. Idan aka kunna ta sau 20 a wata, kowane lokaci kilowat 0,6, an sha kilowat 12. A kan dala ashirin kowane kilowat, jika ɗaya da dala arba'in. Abin da ya rage riba bai kai jika biyu ba, sai na'urar ta yi shekara biyu tana aiki kafin ta biya kanta. Ko wannan lissafin ma ya yi mata alfarma, domin uwargida ba ta zubar da man suya, tana tace shi ta yi miya da shi. Gaz kuma, tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, a cikin ƙasa ake samar da shi, butalin kilo 6 yana dafa komai ko da wuta ko babu. Wanda zai saye ta domin tattali kaɗai bai yi ciniki ba.

Inda take da hujja mai ƙarfi shi ne lafiya da sauƙi. Cokalin cin abinci ɗaya na mai yana da kalori kusan 120, soyayyen dankali kuma yana shan mai sosai. Ga mai ciwon suga, mai hawan jini ko wanda likita ya ce ya rage ƙiba, samun kaza da kifi masu daɗi da cokali guda na mai ci gaba ne na gaske, haka ma rabuwa da man da aka soya sau biyar har ya yi baƙi. Sai dai mafi yawan man da muke ci yana cikin miya, da shinkafa da mai da yaji, da dambu, na'urar kuma ba ta rage gishiri ko dunƙule. Dankalin da aka bari ya yi duhu sosai, a kasko ne ko a kwando, yana fitar da wani sinadari mai suna akirilamid, wanda hukumar binciken ciwon daji ta ƙungiyar lafiya ta duniya ta sa cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Maganin abin shi ne a jiƙa yankakken dankali minti ashirin zuwa talatin, a tsane shi, a kuma cire shi da zarar ya yi ruwan zinari. Kaza kuwa sai an tsaga ta wajen ƙashi an ga babu jini.

Sauƙin nata shi ne tana kashe kanta idan lokaci ya cika, babu mai da zai fantsama wa yaro, ba sai an tsaya a kanta ba. Ma'aikaciyar da ke dawowa gida da rana ta sake fita, sabbin ma'aurata, gwauro, ɗalibi, ko gidan da ake yi wa tsoho ɗaya girki daban saboda ciwo, su ne za su more ta. Babban gida da ke da wannan kuɗin a hannu, murhun gaz mai fur a ƙasa zai fi yi masa aiki.

Idan an yanke shawarar saye

A fara duba takardar da ke manne a gindinta: dole a ga bolt 220 zuwa 240. Wadda ɗan'uwa ya aiko daga Amurka ta bolt 120 ce, ana cusa ta za ta ƙone. Waɗanda ke shigowa ta Kano da Katsina sukan zo da kai mai haƙora uku irin na Ingila. Gara mai gyaran wuta ya canza kan gaba ɗaya da a riƙa amfani da ƴar mahaɗa mai lilo. Ga gidan mutum huɗu zuwa biyar kada a sauka ƙasa da lita 5. Mai maɓallai biyu na murɗawa, ɗaya na zafi ɗaya na lokaci, ta fi mai allon taɓawa jure hawa da saukar wuta, ta kuma fi sauƙin gyara. A sa mai kanti ya kunna ta a gaban mai saye, a ji ƙarar fanka, a ga zafi ya taso, a tambayi garanti a rubuce. A kayan okaziyo kwandon ake dubawa: idan baƙin shafen da ke hana kamu ya fara ɓarewa a bar ta, domin samun kwandon canji a kasuwanninmu yana da wuya.

Shafen nan ne ke fara mutuwa a hannun masu wanke-wanke. Ba a sa masa soson ƙarfe, toka ko yashi, ba a kuma juya abinci da cokalin ƙarfe. A bari ya huce, a jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu, a goge da soso mai laushi bayan kowane girki, domin kitsen da ya kwana a ƙasan aljihu shi ke hayaƙi gobe, shi ke kuma kiran kyankyasai cikin injin. Lokacin aiki a bar tazarar taƙi guda tsakaninta da bango, tunda ta baya take fitar da iska mai zafi, kada kuma a ɗora ta kan tabarmar roba. Da hunturu, in an gama an cire ta daga wuta ta huce, a rufe ta da zane saboda ƙura.