Daga Moss Side zuwa Kaduna: Tarihin Injunan Koyarwa

Moss Side wata unguwa ce a kudancin birnin Manchesta, a arewacin Ingila. Gidajenta na jan bulo ne, a jere, manne da juna kamar haƙoran masara. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu baƙaƙen fata suka fara yawa a cikinta, waɗansu daga tsibiran Karibiyan, waɗansu daga Afirka ta Yamma, can daga baya kuma Somaliyawa suka zo. Ƙwararrun 'yan kallon ƙwallo sun san ta, gama filin Maine Road, inda Manchester City ta yi wasa daga 1923 har 2003, a cikinta yake. Amma abin da ya sa ɗalibai baƙi ke neman ɗaki a wannan yanki shi ne kusancinsa da jami'a. Mutum ya fito gida ya ratsa lambun Whitworth, sai ga shi a titin Oxford Road. A cikin masu wannan tafiya da sanyin safiya akwai malaman makaranta daga ƙasashe dabam dabam, har da Nijeriya, waɗanda suka zo neman digiri na biyu a kan yadda za a koyar da yara da kwamfuta da intanet. Karatun shekara ɗaya ne. Sai dai zumuncin da ke tsakanin wannan birni da azuzuwan ƙasar Hausa ya girmi kwamfuta nesa.

Da auduga aka fara. Manchesta birnin masaƙu ne, a nan kuwa aka kafa ƙungiyar nan ta noman auduga a 1902, wadda manoman Zariya da Funtuwa suka sani da injunan gurza. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanya ta buɗe: auduga ta tafi, akoko da atamfa su dawo. To, mai son a noma masa auduga tilas ya koya wa manomi irin da yake so da yadda za a shuka shi, manomin kuwa ba ya karatun boko. Wannan yana cikin dalilan da suka kawo majigi.

Kalmar majigi daga sunan wata fitilar Turawa ta fito, mai haska hoto a bango. Mota ce takan zo gari da injin wuta da farin ƙyalle. Bayan sallar isha'i sai a kafa ƙyallen a ƙofar fada, sarki ya zauna, jama'a su cika fili, maza da yara a gaba, mata can gefe. Akan nuna yadda ake haƙa masai, da yadda sauro ke kawo zazzaɓi, da yadda ake shuka auduga da gyaɗa. Tsofaffi har yanzu suna tuna wasan Baban Larai. Amma mai karatu ya lura da abu guda. Kusa da ƙyallen akwai wani mutum riƙe da lasifika yana fassara da Hausa, yana sa ban dariya, yana tsawata wa yara. In ya iya bakinsa, jama'a su koma gida da ilmi. In bai iya ba, sun dai ga hotuna suna motsi. Shi ne malamin, ko da yake ba wanda ya kira shi haka.

Rediyo ya biyo baya. A 1944 aka kafa wa Kano gidan rediyo mai waya, watau ana ja da waya daga tasha zuwa akwatunan da aka rataya a gidaje da dandali. A 1957 kuma BBC ta fara magana da Hausa daga London. A shekarar nan ce aka soma yi wa makarantun Ingila darussa ta talabijin.

Ana cikin haka wani abu ya faru a Manchesta wanda ba a ji labarinsa a Kano ba. Ran 21 ga watan Yuni 1948, a wani ɗaki na jami'a da bai fi tafiyar 'yan mintoci daga Moss Side ba, Frederic Williams da Tom Kilburn suka tayar da wani inji da suka haɗa da kansu. Suka sa masa suna Baby, watau jariri, ko da yake nauyinsa ya kai tan guda. Shi ne inji na farko da ya ajiye umurnin da aka ba shi a cikin ƙwaƙwalwarsa ta lantarki, sa'an nan ya bi shi. Wani lissafi da aka ba shi ya ɗauke shi minti 52. Alan Turing ya zo jami'ar a shekarar. Duk wayar hannun da ke aljihun ɗan makaranta a Katsina yau jikanyar wannan jariri ce. An ƙera irinsa a 1998, aka ajiye a gidan tarihin kimiyya na birnin.

Amma ba kwamfuta ce Manchesta ta fara aika wa Arewa ba, talabijin ne. Kamfanin Granada, na Sidney Bernstein, ya buɗe tasharsa a Manchesta a 1956. A Nijeriya kuwa Jihar Yamma ce ta riga kowa, ta buɗe tasha a Ibadan a watan Oktoba 1959, Cif Awolowo yana cewa don ilmantar da jama'a aka yi ta. Enugu ta bi a 1960. Gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ba ta yarda a bar ta a baya ba. Ta haɗa hannu da Granada da wani kamfanin Ingila, EMI, aka kafa kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, tashar Kaduna ta fara aiki a 1962. Ma'aikatar Ilmi tana da sashen shirya darussan makarantu, aka shiga aika su ta iska.

Dalilin bai ɓuya ba. Arewa tana da ƙarancin ƙwararrun malamai, musamman na kimiyya da Turanci. Aka ce, in an sami gwani guda aka sa shi gaban kyamara, ai yara dubu za su amfana da shi a sa'a ɗaya. A takarda lissafin daidai ne. A cikin aji kuwa sai aka tarar da abubuwan da ba a sa a lissafi ba. Hoton ba ya kai wa garuruwa masu nisa. Yawancin makarantu ba wutar lantarki. Akwati ya lalace, ƙurar hunturu ta shige shi, mai gyara yana Kaduna, sai hedimasta ya kulle shi a sito don kada a ce shi ya ɓata kayan gwamnati. Lokacin da tasha ke sakin darasi sau da yawa bai dace da jadawalin makaranta ba, ba kuwa yadda za a tsai da malamin akwati a ce ya maimaita. Mafi tsanani, malamin aji, wanda ba a horar da shi a kan abin da zai yi kafin darasi da bayansa ba, yakan ga kamar an kawo masa kishiya ne. Malamin da aka tura gefe kuwa ba zai yi wa akwati yaƙi ba.

A Jamhuriyar Nijar an bi wata hanya. A 1964, da taimakon Faransa, aka fara talabijin na makarantu, inda akwati ne ke ɗauke da yawancin darasi, wani saurayi mai ƙaramin ilmi yana kula da yara yana bita da su. Waɗanda suka je suka gani sun yaba da yadda yaran ke sakin baki da Faransanci, har an gwada ba akwatunan wuta da hasken rana. Amma kuɗin ya yi yawa, masu shirya darussan baƙi ne, abin bai game ƙasa ba kamar yadda aka yi fata. Yaron Maraɗi kuma, da ya tashi da Hausa, ba da harshensa akwatin ke magana ba.

Duk da haka aikin bai mutu ba a Kaduna. A 1976, shekarar da aka fara ilmin firamare kyauta, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, don malami ya ƙaro ilmi yana bakin aikinsa, ta littattafan da ake aika masa. A 1977 sashen darussan iska ya zama cibiyar fasahar koyarwa ta ƙasa baki ɗaya. Jami'ar karatu daga gida, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila, an kafa ta a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, cibiyar nan ta Kaduna kuma aka haɗe ta da ita.

Wanda ya zo Manchesta yau neman digiri na biyu, a ɗaki mai ɗumi yake karatu, intanet ba ya yankewa, littattafan laburare suna zuwa masa har gadonsa a Moss Side. Abin da yake koya yana da amfani ƙwarai: yadda ake tsara darasi a kwamfuta, yadda ake auna ko yaro ya gane, yadda ake koyar da wanda ba a gani. Amma ran da ya koma gida, aji mai yara fiye da kima ke jiransa, da allon bango, da alli, da wutar da ba ta da alkawari. A watan Maris 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantun Nijeriya, an gwada kome a fili. 'Ya'yan masu hali a birane suka ci gaba da karatu ta intanet. Gwamnatocin Kano da Kaduna kuwa, da suka nemi hanyar da za ta kai ga ɗan talaka a ƙauye, sai suka ɗebi malamai suka kai su gidajen rediyo da talabijin, yara suka zauna a tsakar gida da littafi da fensir, suna sauraron darasi daga akwati mai batir.