2.3 Koyon Ɗaukar Hoto a Birnin Kabi da Argungu

A wannan sashe za a yi tsokaci kan yadda hanyar koyon ɗaukar hoto ta sauya a ƙasar Kabi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, ya daɗe yana tara masu hoto a bakin kogin Matan Fada. A da, yaro kan yi shekaru a shagon maigida yana koyon sa fim da wanke hoto, kafin a yaye shi. Ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ya ƙara buƙatar masu sana'ar a Birnin Kabi, saboda tarukan gwamnati.

Ta fuskar boko kuwa, gwamnatin Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo. A yau ɗalibi kan nazarci aikin jarida ta intanet, har da darasin hoto. Sai dai ma'aikatu takardar shaida suke nema, don haka gwanayen da shago ya yaye ake bari a baya.