Caudar masara

Caudar masara miya ce mai kauri da ta samo asali daga yankin New England a arewa maso gabashin Amurka. Ana kyautata zaton sunan cauda ya fito ne daga kalmar Faransanci mai nufin babbar tukunya. Littafin girki na Fannie Farmer da aka buga a Boston a 1896 ya kawo yadda ake dafa ta.

Kayan haɗinta su ne ɗanyar masara mai zaƙi, dankalin Turawa, albasa, romon kaza, man shanu da madara. Amurkawa kan ƙara naman alade, amma miyar na yin daɗi ba da shi ba.

A yau da yawa na dafa ta a tukunyar lantarki mai dafuwa sannu a hankali, irin Crock-Pot da kamfanin Rival ya fitar a 1971. Ana barin kayan awa 6 zuwa 8 a ƙaramar wuta, sai a murƙushe wani sashe na dankalin don miyar ta yi kauri. Madara kuwa sai a rabin awar ƙarshe ake zubawa, domin daɗewa a wuta kan sa ta tsinke. Da zafinta ake sha, da burodi ko biskit mai gishiri.