Farin hayaƙi daga salansar mota: yadda ake gane ko gasket ne ya ƙone

Idan kana da mota, ko kana tuƙa ta wani, a yankin Bader Gula da sauran ƙauyukan arewacin Dakwaro, ka san cewa mota a nan ba ta wuni kan kwalta. Rairayi take shiga da kaya fiye da ƙima, a ƙaramin giya, cikin zafin bazara da kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Wannan aiki yana dafa inji, kuma inji mai yawan ɗaukar zafi ƙarshensa ƙonewar gasket. Alamar da aka fi sani ita ce farin hayaƙi. Sai dai ba kowane farin hayaƙi ne ke nufin haka ba, kuma buɗe inji a kan zato asara ce ta kuɗi da kwanaki.

Mene ne gasket?

Inji gida biyu ne a haɗe. Na ƙasa shi ne gangar jiki, inda fistan ke hawa da sauka. Na sama shi ne kai, wanda makanikan Maraɗi ke kira kulas, na Katsina da Kano kuma tof silinda. Tsakaninsu akwai wani siririn faifai mai huje-huje, shi ne gasket, ko juwan kulas. Aikinsa ya raba abubuwa uku da ke bi ta wurin: wutar ƙonewar mai, ruwan sanyaya inji, da man inji. In zafi ya yi yawa, kan injin yakan lanƙwashe kaɗan, faifan ya saki, ruwa ya tsiyaya cikin silinda, ya fita ta salansa a matsayin tururi.

Rarrabe hayaƙin

Da asubahin Disamba ko Janairu, lokacin ɗari, mota kan fitar da farin tururi maras kauri da zarar an tayar da ita. Raɓar da ta kwana cikin salansa ce. Yana watsewa nan take, kuma yana ɗaukewa idan inji ya ɗumama. Babu abin damuwa.

Motocin gazuwal, irin Land Cruiser da Hilux masu zuwa kasuwanni, suna da nasu farin hayaƙin, kuma a nan ne direbobi suka fi ruɗewa. Gazuwal ɗin da bai ƙone ba yana fita fari ko toka-toka, da warin mai, yana kuma sa ido yaji. Sanadinsa yawanci bujin ɗumama inji da suka mutu, ko injekta masu ɗigo, ko famfon mai da saitinsa ya kauce, ko man durum da ya sha ruwa. Duk wannan gyara ne na waje, ba sai an cire kan inji ba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi man inji ne ke ƙonewa. Baƙi kuwa mai ne ya fi iska yawa, sai ka duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa.

Na gasket yana da kauri, ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, kuma ruwan lagireto yana raguwa alhali ba ka ga inda yake zuba ba. Littattafan gyara suna cewa yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Gaskiya ne, amma sai in akwai ruwan sanyi na kanti a cikin motar. Mafi yawan motocinmu ruwan rijiya suke sha, saboda haka rashin ƙamshin ba shaida ba ce.

Gwajin da za ka iya yi da kanka

Ka yi shi da safe, inji na sanyi. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi, domin ruwan yana ƙarƙashin matsi, ya kuma zarce digiri 100, yana iya saɓule fatar fuska da hannu. Ka cika ruwa, ka bar murfin a buɗe, ka tayar da inji. Ƴan kumfa na farko iska ce da ta maƙale. Amma in kumfa na ta tasowa ba tsayawa, ko ruwa na tsartuwa sama in an taka totur, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Haka nan in tiyon sama ya yi tauri kamar icce cikin minti biyu ko uku, tun ruwa bai ɗumama ba. Daga nan ka zaro sandar awon mai. Man da ya koma kalar shayi da madara ya gauraya da ruwa. Abin lura shi ne gasket na iya ƙonewa man kuma ya kasance garau, ya danganta da gefen da ya fashe. A injin fetur, bujin da ya fito fes fiye da ƴan'uwansa tururi ne ya wanke shi.

In alamu biyu ko uku sun haɗu, ka tsayar da motar. A ganina janyo ta zuwa Dakwaro ya fi arha nesa ba kusa ba bisa lallaɓa ta da jarkar ruwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya taru cikin silinda da dare, aka buga inji da safe, sandar fistan na iya lanƙwashewa, gyaran gasket ya zama sayen inji.

A wurin makanike

Ka nemi a auna matsin kowace silinda kafin a kwance komai. Silinda biyu maƙwabta da suka yi ƙasa tare suna nuna fashewa a tsakaninsu. In an cire kan inji, a aza masa miƙaƙƙen ƙarfe a duba ko ya lanƙwashe, a kuma bincika tsaga, don kai mai tsaga yana ba da alamu iri ɗaya da gasket. In yana buƙatar gyara sai a kai shi Maraɗi wurin masu injin goge ƙarfe. Wajen ɗaurewa a yi amfani da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, bisa ƙa'idar kamfanin. A sauya mai da matatarsa.

Sannan a nemo abin da ya kawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma ƙonewa zai yi. A duba bel, da fanka, da famfon ruwa, da murfin lagireto. Bayan damina ƙarangiya da ƙaiƙayin ciyawa kan toshe fuskar lagireto, ruwan rijiya kuma yana barin ɓamɓaroki a cikinsa, shi ya sa tacaccen ruwan sama ya fi. Al'adar cire tamostat a jefar ba magani ba ce, ɓoye cutar kawai take yi. Idan ka zuba ruwan sanyi na kanti, kada a bar tsohonsa a tasa ko a ƙasa kusa da rijiya. Yana da zaƙi, dabbobi da yara na iya sha, kuma guba ne mai lalata ƙoda.