Nunin Hotuna Na Haɗin Gwiwa: Tarihin "Iyalin Ɗan Adam" Da Darasin Da Ke Cikinsa

Gabatarwa

Hoto idan yana hannun wanda ya ɗauke shi, magana ɗaya yake yi. Amma da zarar an rataye shi a bangon zaure tare da hotunan waɗansu mutane, to, ya shiga taro, kuma abin da zai faɗa wa mai kallo ya dogara ga maƙwabtansa na dama da na hagu, da rubutun da aka liƙa a ƙarƙashinsa, da kuma nufin wanda ya jera su. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wannan lacca za ta bi tarihin nunin hotuna na haɗin gwiwa, watau inda masu ɗaukar hoto da yawa suke tara ayyukansu a zaure guda, ta kuma tsaya a kan mafi shahara daga cikin irin waɗannan nune-nune, wanda aka buɗe a birnin Niyok cikin 1955. Manufa ita ce a gane abin da mai ɗaukar hoto yake samu idan ya shiga taro, da abin da yake sallamawa.

Asalin Al'adar

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa cikin 1839. Tun daga farko masu zane da fenti ba su karɓi masu kyamara a matsayin abokan sana'a ba. A ganinsu na'ura ce take aikin, mutum kuwa tsayawa kawai yake yi a bayanta. Saboda haka masu ɗaukar hoto suka ga ba su da mafita sai su haɗa kai. Aka kafa ƙungiyarsu a Landan cikin 1853, aka kafa wata a Faris cikin 1854, kowacce kuwa babban aikinta shi ne shirya nuni inda 'yan ƙungiya za su baje ayyukansu tare. Cikin 1859 aka yarda wa ƙungiyar Faransa ta yi nuninta a ginin da ake babban nunin zane-zane na ƙasar, amma sai aka ware mata ƙofar shiga dabam. A shekarar nan ne mawaƙi Charles Baudelaire ya rubuta sukarsa da ta shahara, inda ya nuna cewa matsayin hoto bai wuce na bara mai yi wa ilmi da fasaha hidima ba.

A Amurka ma hanyar da aka bi ke nan. Alfred Stieglitz ya tara abokansa cikin 1902 suka kafa ƙungiya, cikin 1905 kuma suka buɗe ɗan ƙaramin zauren nuni a Niyok wanda aka riƙa kira da lambar gidan, watau 291. Babban mataimakinsa a wannan aiki wani saurayi ne mai suna Edward Steichen. Cikin watan Nuwamba na 1932 kuma waɗansu mutum 7, cikinsu har da Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham, suka yi nuni tare a birnin San Francisco, suna kiran kansu f/64, sunan da suka aro daga ƙaramar kafar idon kyamara wadda take sa kome ya fito tangaran, na kusa da na nesa. Abin lura game da waɗannan nune-nune shi ne, tsara ne suke haɗuwa da tsara. Kowa ya wanke hotonsa da hannunsa, ya zaɓi girmansa, sunansa kuma shi ne abin da ake so mai kallo ya tafi gida da shi.

Nunin 1955

Steichen haifaffen ƙasar Luksambok ne, an haife shi cikin 1879, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana jariri. Ya yi aikin ɗaukar hoto wa sojan Amurka a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Cikin 1947 aka naɗa shi shugaban sashen hotuna na gidan adana fasahar zamani na Niyok. Abin da ya gani a fagen fama ya dame shi ƙwarai, ya kuma lura cewa nuna wa jama'a hotunan yaƙi ba ya sa su ƙi yaƙi: sukan yi juyayi na ɗan lokaci, sa'an nan su manta. Sai ya ƙudura zai bi ta wata hanya, ya nuna wa mutane cewa duk 'yan Adam dangi ɗaya ne.

Shi da mataimakinsa Wayne Miller suka duba hotuna kimanin miliyan 2, da yawa daga cikinsu daga taskar mujallar Life. Suka tace suka rage su zuwa 10,000, daga nan suka fitar da 503, aikin mutum 273 daga ƙasashe 68. Ran 24 ga Janairu, 1955 aka buɗe nunin da sunan The Family of Man, watau Iyalin Ɗan Adam.

An jera hotunan ne bisa tafiyar rayuwa. Mai kallo yakan fara da masoya da aure, ya wuce haihuwa da ƙuruciya, ya shiga sashen aiki da cin abinci da kiɗa da rawa, ya iske makoki da ibada da yunwa da yaƙi. Kusa da ƙarshe sai ya shiga wani ɗaki mai duhu inda aka kafa babban hoto mai launi na fashewar bom ɗin haidirojin. Yana fita sai ya ga hoton zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, sa'an nan hotunan yara, har ya kai ga na W. Eugene Smith, inda 'ya'yansa biyu suka ba da baya suna fita daga inuwar itatuwa zuwa haske. Saƙon a fili yake: ko dai dangin nan su zauna lafiya, ko kuwa su hallaka baki ɗaya.

Abin Da Aka Samu Da Abin Da Aka Sallama

Ba a taɓa yin nunin hotuna da ya kai wannan farin jini ba. Hukumar watsa labarai ta gwamnatin Amurka ta sa aka yi kwafe-kwafensa, aka zaga da shi ƙasashe 37, mutum kimanin miliyan 9 suka gani. Littafin da aka buga na hotunan ya sayu har kwafi miliyan 4. Mai ɗaukar hoton da a dā sunansa bai wuce garinsu ba, sai ga aikinsa a Tokiyo da Dilli da Balin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu wani daga cikin mutum 273 ɗin nan da zai iya tara irin wannan jama'a shi kaɗai.

To amma akwai farashi. Steichen ya karɓi nagatif daga hannun masu shi, ya sa aka wanke hotunan bisa girman da shi yake so: wani ya cika bango, wani kuwa bai fi littafi ba. Wanda ya tsara zauren, mai zanen gine-gine Paul Rudolph, ya rataye waɗansu daga rufi, ya jera waɗansu a da'ira. An cire bayanin da masu hotunan suka saba haɗawa da aikinsu, ba a bar kome ba sai sunan ƙasa da sunan mai ɗauka. A madadin bayani aka liƙa ayoyi da karin magana na al'ummu dabam-dabam. Sakamakon haka, hoton da aka ɗauka don a tona asirin wani zalunci a wani gari a wata shekara, sai ya zama misalin "wahala" kawai, wadda ba ta da sanadi balle mai laifi. A taƙaice, mutum 273 suka ba da kalmomi, mutum ɗaya ya tsara jimlar.

Masu Suka

Da nunin ya isa Faris cikin 1956, masani Roland Barthes ya yi masa raddi wanda ya fito cikin littafinsa na 1957. Hujjarsa ita ce, lalle kowa haihuwarsa aka yi, kowa kuma zai mutu, amma faɗin haka bai koya wa kowa kome ba. Abin tambaya shi ne, a wane hali aka haifi yaron, uwarsa ta sami kulawa ko ba ta samu ba, kuma wace irin rayuwa take jiransa. Waɗannan kuwa al'amura ne na tarihi da mulki, waɗanda nunin ya lulluɓe da mayafin 'yan'uwantaka.

Wani abin da ya faru a Niyok ya ƙarfafa wannan suka. Cikin hotunan farko akwai na wani baƙar fatan Amurka da 'yan ta'adda fararen fata suka kashe a jihar Misisifi, an ɗaure shi a jikin itace. Bayan 'yan makonni Steichen ya sauke shi daga bango, bai kuma shiga littafin da aka sayar wa duniya ba. Hoton da ya fi kowane nuna cewa dangin nan akwai mai cin zalin ɗan'uwansa, shi ne aka ga ba ya dacewa da taron.

Ga mutanen Afirka kuwa, matsalar ta fi haka zafi. Yawancin hotunan nahiyar baƙi ne suka ɗauke su, Turawa da Amurkawa masu yawon aikin jarida. Waɗanda suka fi fice su ne na Nat Farbman, na mafarautan hamadar ƙasar da a yau ake kira Botswana. An jera hoton iyali guda daga cikinsu tare da na wani iyalin manoman Amurka da Nina Leen ta ɗauka, don a nuna cewa duk ɗaya ne. Amma mai kallo abin da yake gani shi ne, waɗannan suna cikin ɗaki da sutura da hotunan kakanni a bango, waɗancan kuwa suna fili, kusan tsirara. Cikin 1959, lokacin da aka kai nunin birnin Masko, wani ɗan Nijeriya ya yayyage waɗansu hotunan ya sauke su daga bango. Bayanin da ya bayar daga baya shi ne, an nuna baƙar fata cikin tsiraici da ciwo da fatara, an kuma nuna farar fata cikin mutunci da wadata. Wannan ya faru ne shekara ɗaya kafin Nijeriya ta sami mulkin kai.

Wajibi ne a yi wa Steichen adalci. Niyyarsa ta hana yaƙi ce, ya kuma sa ayyukan baƙar fatan Amurka irin su Roy DeCarava a zamanin da zaurukan nuni da yawa ba sa buɗe musu ƙofa. Amma kyakkyawar niyya ba ta sauya gaskiyar cewa wanda yake da bango shi ne yake da magana.

Daga Niyok Zuwa Bamako

Ba rashin masu ɗaukar hoto Afirka take yi ba. Jonathan Adagogo Green yana aiki a Bonny tun cikin shekarun 1890. Solomon Alonge ya zama mai ɗaukar hoton fadar Benin tun shekarun 1930. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako cikin 1948, kuma a daidai lokacin da ake tace hotunan Niyok yana can yana ɗaukar mutanen garinsu cikin adonsu, kowa yadda yake so a gan shi. Masu tacewa ba su leƙa irin waɗannan shaguna ba.

Ko da aka leƙa, sai da aka sake tuntuɓe. Cikin 1991 an yi wani nunin haɗin gwiwa na fasahar Afirka a Niyok, aka rataye waɗansu hotunan Keïta, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san mai ɗauka ba, alhali mutumin yana raye a Bamako, nagatif ɗinsa dubbai suna ajiye a gidansa. Sai da André Magnin ya tafi Mali da kwafen hotunan, Malick Sidibé ya duba ya gane aikin wane ne. Cikin 1994 aka fara babban taron masu ɗaukar hoto na Afirka a Bamako. Cikin 1996 kuma gidan Guggenheim na Niyok ya yi nunin ayyukan 'yan Afirka 30, ɗaya daga cikin masu tsara shi kuwa ɗan Nijeriya ne, Okwui Enwezor. Cikin 2007 Sidibé ya karɓi lambar Zakin Zinariya a birnin Benis na Italiya. Duk waɗannan nune-nunen taro ne, irin na 1955. Abin da ya sauya shi ne, 'yan Afirka sun fara shiga cikin masu zaɓe da masu jerawa.

Kammalawa

Nunin Steichen yana nan har yau. Tun 1994 aka ba shi mazauni na dindindin a fadar Clervaux ta ƙasar haihuwarsa, cikin 2003 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin abubuwan tarihi na duniya da ya wajaba a adana. Darasinsa ya shafi ɗalibin da zai kai hotonsa nuni tare da abokansa, ya kuma shafi ma'aikacin da ma'aikatar watsa labarai ko hukumar raya al'adu za ta ɗora wa aikin shirya nuni. Akwai tambayoyi 3 da ya kamata a amsa tun kafin a buga ƙusa ta farko a bango. Wane ne ya zaɓi hotunan, kuma me ya bari a baya? Me aka rataye kusa da me? Sa'an nan, an rubuta sunan mai ɗauka da wuri da shekara, ko kuwa an bar hoton ba uwa ba uba? Inda aka amsa waɗannan bisa gaskiya, taro yakan ƙara wa kowane hoto ƙarfi. Inda aka yi sakaci da su kuwa, sai a koma ga abin da magabata suka faɗa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.