Koyar da Aikin Farfaɗo da Majinyata ta Hanyar Ayyukan Yau da Kullum

Wannan fanni na horar da ma'aikatan lafiya masu taimaka wa wanda shanyewar ɓarin jiki, haɗari ko taɓin hankali ya nakasa, ya sake iya wanka, sa tufafi, girki da sana'arsa.

Ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, WFOT, wadda aka kafa a 1952, ita ke tsara mafi ƙarancin abin da kowace makaranta za ta koyar. Daga cikin sharuɗɗanta akwai awa 1,000 na aiki da majinyata ƙarƙashin kulawar ƙwararre.

Ban da lacca, akan ba ɗalibai labarin wani majinyaci su tattauna a ƙananan rukuni har su gano mafita da kansu. Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta shahara da wannan salo tun 1969. Akan kuma gwada aiki da mutanen da aka horar su kwaikwayi marasa lafiya.

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin koyon haɗin gwiwa, inda ɗaliban fannoni biyu ko fiye ke koyo tare, kowa na ƙaruwa da ɗan'uwansa. A Jami'ar Linköping ta Suwidin, tun 1996 ɗaliban likitanci, jinya, gashin ƙashi da na wannan fanni ke kula da majinyata a ɗaki guda. Hakan na rage saɓani da kuskure, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.