Rassan Hanyar Jirgin Ƙasa Biyu na Zariya da Batun Farfaɗo da Su

Shekara da shekaru ke nan ana jin kiraye-kiraye a ƙasar Zazzau da Katsina da Zamfara cewa a mayar da jirgin ƙasa bisa tsofaffin hanyoyin da ya daina bi. 'Yan majalisa sun faɗa, 'yan kasuwa sun faɗa, tsofaffin ma'aikatan reluwe kuwa ba su da wata hira da ta wuce wannan. Amma sau da yawa masu kiran sukan haɗa hanyoyi biyu su yi musu kuɗin goro, alhali kuwa tarihinsu ya bambanta, dalilin mutuwarsu ma ba ɗaya ba ne. Nufin wannan takarda shi ne a rarrabe su, don wanda zai roƙi hukuma abu ya san abin da yake roƙo. Hanyoyin nan su ne ƙaramar hanyar da ta tashi daga Zariya zuwa Jos, da kuma wadda ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta tsaya Ƙauran Namoda.

Zuwan Diga Zazzau

A shekarar 1907 Turawa suka fara shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro, a bakin Kwara, suka nufi Kano. Gwamnan Arewa na lokacin, watau Girouard, shi kansa injiniyan hanyar jirgi ne. Hanya ta ratsa ƙasar Zazzau ta isa Kano a 1911, a shekara mai bi mata kuma aka haɗe ta da hanyar Ikko suka koma ƙarƙashin hukuma guda. Ba da inji aka yi aikin nan ba, da hannun talakawa aka yi shi. Razdan ya kan yanka wa Sarki adadin mutane, Sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, kowane ƙauye ya fid da nasa leburori su tafi su yi makonni suna haƙa da ɗaukar ƙasa a ka. Daga sunan abin haƙan nan ne aikin duka ya sami sunansa, aka ce aikin diga. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, ya ga wannan al'amari da idonsa, har ya tsara masa waƙa wadda aka sani da Waƙar Diga. Tana cikin shaidu mafi daraja da muke da su a Hausa game da yadda mutanen ƙasa suka ɗauki zuwan jirgi.

Abin lura a nan shi ne, jirgi bai shiga birni ba. An kafa tasha a arewa da ganuwa, ƙetaren rafin Kubanni, kantunan Turawa suka jeru kusa da ita, Sabon Gari ya tsiro a gefenta, Tudun Wada kuma ya zauna tsakaninsu da Ƙofar Doka. Birnin da ayarin fatake ya saba sauka a cikinsa sai ya wayi gari babban ciniki ya koma bayan ganuwarsa. Tun daga ran nan arzikin Zariya ya rataya ga tashar da ba mutanen birni suka zaɓi wurinta ba.

Ƙaramar Hanyar Jos

Kuza ce ta haifi reshe na farko. Tun kafin Turawa, mutanen Liruwe sun san narka kuza. Da kamfanonin Ingila suka rufar wa tsaunukan Jos wajen 1910, sai suka tarar ba abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya kamar sufuri, gama a ka ake ɗaukar kuza, tafiyar kwanaki masu yawa, zuwa Loko a bakin Binuwai. Suka matsa wa Gwamnati lamba, a 1911 aka fara musu hanya daga Zariya. Don a rage kuɗi sai aka yi ta 'yar siririya, faɗinta ƙafa 2 da inci 6, alhali babbar hanya ƙafa 3 da inci 6 ce. Har ma an kwaso waɗansu kayan daga tsohuwar 'yar hanyar Zungeru aka yi amfani da su. Hanya ta bi ta Soba da Dutsen Wai ta isa Rahama a 1912, sa'an nan ta hau tsauni ta wuce Jos ta tsaya Bukuru a 1914, tsawonta duka mil 143. Turawa sun sa mata sunan Bauci ne domin a lokacin tsaunukan Jos cikin Lardin Bauci suke, amma ko kusa ba ta taɓa zuwa garin Bauci ba.

Tun ran da aka haife ta da cutarta aka haife ta. Da yake faɗinta bai yi daidai da na babbar hanya ba, ba taragon da zai iya wucewa daga wannan zuwa waccan. Kowane buhun kuza sai an sauke shi a Zariya an sake lodi, haka kuma duk abin da za shi Jos. Jirgin kuwa ga shi da nawa, tafiyar da mota ke yi yau cikin 'yan sa'o'i shi yini guda ya kan yi yana yin ta. Duk da haka ta yi wa ƙauyukan gabashin Zazzau amfanin da masu gina ta ba su nufa ba. Ma'aikatan kuza dubbai ne, ba su noma, sai an ciyad da su. Dawa da gero da itace suka riƙa hawa tsauni daga tashoshin hanyar, 'yan kasuwanni suka tsiro a bakin dogo.

A 1927 babbar hanyar da ta taso daga Fatakwal ta aiko da reshe daga Kafancan zuwa Jos. Nan take kuza ta sami hanya mafi kusa zuwa teku ba tare da sauke-sauke ba, kwal ɗin Inugu kuma ya sami hanyar zuwa ma'adinai. Aka faɗaɗa guntun da ke tsakanin Jos da Bukuru ya koma irin na babbar hanya. Saura mil 133 aka bar su da fasinja da 'yan kayan ƙauye. Shekara 30 ta yi tana jan jiki a haka, motocin lodi kuwa kullum sai ƙaruwa suke yi. Hukumar Reluwe ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955 aka ce ta riƙa ɗaukar nauyin kanta, ta duba littafinta ta ga hasara, ran 30 ga Satumba 1957 aka rufe hanyar, daga baya aka cire ƙarafunta. Hankalin hukuma a lokacin ya riga ya koma kan hanyar Barno, wadda aka fara a 1958 da rancen Bankin Duniya, ta isa Maiduguri a 1964. Abin da ya rage na ƙaramar hanyar a yau shi ne waɗansu kawunan jirginta da aka ajiye a Jos don kallo, da ragowar tudun dogo nan da can cikin gonaki.

Hanyar Ƙaura

Reshe na biyu labarinsa dabam ne. Auduga da gyaɗa ne suka jawo shi. Kamfanin audugar Ingila, wanda talakawa suka sani da Bisije, ya kafa injin gurza a Zariya tun farkon zuwan jirgi, irin audugar Amurka da ake kira Allen kuwa ya karɓi ƙasar kudancin Katsina da gabashin Sakkwato. Don a kwaso wannan amfani aka shimfiɗa hanya daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929, tsawonta kimanin kilomita 220. Ita da faɗin babbar hanya aka yi ta, saboda haka taragon da aka yi wa lodi a Gusau ya kan tafi har Apapa ba a taɓa kayansa ba. An yi niyyar ƙarasa ta Sakkwato, amma karayar tattalin arzikin duniya ta auku a wannan shekara, aka dakata, ba a kuma ci gaba ba har yau. Funtuwa da Gusau, waɗanda dā ba su kai a kira su manyan garuruwa ba, jirgin nan ne ya ɗaga su.

Wannan hanya ba a taɓa yanke mata hukuncin rufewa kamar 'yar'uwarta ba, ciwo ne ya ci ta sannu a hankali. Fari da cutar gyaɗa na tsakiyar shekarun 1970 suka rushe dalar gyaɗa. Kuɗin man fetur ya sa aka shimfiɗa titunan kwalta, manyan motoci suka ƙwace lodi. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda su ne ke tara kaya wuri guda su ba jirgi. Masaƙun Kaduna da ke shan audugar suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Hukumar Reluwe kanta ta talauce, ta kasa gyaran dogo da kawunan jirgi. A zamanin Shugaba Jonathan an gyara hanyar Ikko zuwa Kano, jirgi ya koma bin ta a ƙarshen 2012, an kuma ba da aikin gyaran reshen Ƙaura, amma zirga-zirga ba ta kafu a kansa yadda take dā ba. Ɓarayin ƙarfe da rashin zaman lafiyar dazuzzukan yankin sun ƙara dagula al'amarin.

Abin da Tarihin Nan Ke Koya wa Masu Kira

To, in mun auna labaran nan biyu za mu ga abu guda ne ya kashe su duka, watau rashin kaya. Fasinja ba su taɓa riƙe reshe su kaɗai ba. Kuza ta sauya hanya, ƙaramar hanya ta mutu. Gyaɗa da auduga suka ja baya, hanyar Ƙaura ta kwanta. Saboda haka duk wanda zai tsaya gaban hukuma da begen zamanin dā kaɗai, ba shi da hujja. Tambayar da za a yi masa ita ce, me jirgin zai ɗauka, ton nawa, a wane wata, zuwa ina?

A kan wannan ma'auni, hanyar Jos ba farfaɗowa take bukata ba, sabon gini ne ɗungum, gama ba ƙarfe, ba wanda kuma zai sake yin hanya mai faɗin ƙafa 2 da rabi. Ko da yake ƙasar Soba da Saminaka ta shahara da masara, roƙon da ya fi dacewa da ita shi ne titi mai kyau. Haɗa ta cikin kira ɗaya da hanyar Ƙaura raunana kiran kawai yake yi. Ita kuwa hanyar Ƙaura tana da abin faɗa. Filinta na nan, tana ratsa ƙasar da ke ciyad da Nijeriya da masara da dawa da waken suya, ana kuma bukatar takin zamani da siminti su shigo ta kanta. A 2024 an buɗe tashar kaya ta kan tudu a Funtuwa, irin wannan tasha kuwa ba ta cika amfaninta sai da jirgi.

Akwai kuma gargaɗi na biyu da ƙaramar hanya ta bar mana. Sababbin hanyoyin da ake yi yanzu, kamar ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da ta Kaduna zuwa Kano da ta Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsu a 2021, faɗinsu ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne. In aka gyara reshen Ƙaura bisa tsohon faɗinsa, lodi kuwa ya koma sabuwar hanya, to, Zariya za ta sake zama wurin sauke-sauke, reshen ya kamu da cutar nan da ta kashe na Jos. Wajibi ne masu kira su yanke shawara tun yanzu a kan wane faɗi suke roƙo.

Ba mu kaɗai muka sha wannan ba. A Ingila rahoton Beeching na 1963 ya jawo rufe ɗaruruwan tashoshin ƙauye. Hanyar da ta ratsa kudancin Sikotilan an rufe ta a 1969. Mutanen yankin suka kafa ƙungiya a 1999, suka kai ƙorafi majalisarsu da lissafi a hannu, aka yi doka a 2006, a 2015 aka sake buɗe kimanin mil 30 daga cikinta. Shekara 46 ke nan tsakanin rufewa da buɗewa. Ba a sake gina hanyar duka ba, guntun da aka iya kare lissafinsa kaɗai aka gina. Abin da ya taimake su ƙwarai shi ne yawancin filin dogon yana nan, inda kuwa aka yi gini a kai sai da aka kashe kuɗi mai yawa. Darasi a gare mu shi ne, kafin a roƙi jirgi a fara tsare filinsa daga masu gini da masu cire ƙarfe, domin ƙarfe ana sayo wani, fili kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.

Har wa yau akwai wata ƙofa da ta buɗe wadda dā babu ita. A Maris 2023 an gyara tsarin mulkin Nijeriya, aka ba jihohi ikon yin doka da shimfiɗa hanyar jirgi cikin iyakokinsu. Tsohon reshen na hannun Gwamnatin Tarayya har yanzu, amma gwamnatocin Kaduna da Katsina da Zamfara, waɗanda ya ratsa ƙasarsu, ba za su ƙara cewa ba ruwansu ba. Masu kira suna da ƙofofi huɗu da za su ƙwanƙwasa maimakon ɗaya.

Aikin da ya rage namu ne, mu malamai. Yawancin abin da aka rubuta kan hanyoyin nan daga rahoton Turawa ya fito, su kuwa ton da fam suka ƙidaya. Waɗanda suka hau ƙaramin jirgin suna yara yanzu sun haura shekara 70, kullum raguwa suke yi. Ya kamata ɗalibanmu su je Soba da Dutsen Wai da Rahama su rubuto abin da tsofaffi suka riƙe, su je Funtuwa da Gusau su ƙidayo motocin hatsi da ke fita ran kasuwa. Na farkon zai tsare mana tarihi, na biyun kuwa shi ne hujjar da hukuma ke ji. Kakanninmu sun haƙa hanyoyin nan bisa tilas don kayan waɗansu, ba a tambaye su inda za ta bi ba. In za a sake tayar da ɗaya daga cikinsu, ya kamata wannan karon mutanen ƙasa su zo da nasu lissafin. Allah ya sa mu dace, amin.